Harsashin igwa: tambayoyin da ake yi a Njamena da Kusiri, da amsoshinsu

Tun daren Talata 18 ga Yuni 2024, kwanaki kaɗan bayan Babbar Sallah, da wuta ta kama rumbun makaman soja na unguwar Guji a Njamena, maganar harsashin igwa ta bar bariki ta shigo majalisar shayi. Mutanen da ba su taɓa ganinsa ba sai a talabijin suka wayi gari ga shi kwance a bakin hanya. Ga yaƙin Sudan a gabashinmu, ga hotunan Yukren a waya, ga samarinmu da ke tafiya arewa neman zinariya suna dawowa da labarin ƙarafan da suka gani a cikin yashi. Na tattara tambayoyin da aka fi yi, na amsa su domin mai gona da mai kiwo da ɗan gwangwan da uwar yara su san abin da ke gabansu idan suka ci karo da shi.

Wai shin mene ne harsashin igwa, kuma me ya raba shi da harsashin bindiga?

Harsashin bindigar hannu dunƙulen ƙarfe ne, sai ya sami mutum yake yi masa illa. Na igwa kuwa ƙoƙon baƙin ƙarfe ne mai kauri, mai tsinin baki, an cika cikinsa da nakiya, an ɗaura masa makunni a hanci. Ba ya bukatar ya taɓa kowa. Inda ya sauka sai ya tarwatse, jikinsa ya zama gutsattsarin ƙarfe masu kaifi da ke watsuwa ko'ina. Bindigar da ke harba shi sama take ɗaga baki, harsashin ya yi tafiyar baka ya tsallake tudu ko gari ya faɗo a bayansa. Shi ya sa mai harbin galibi ba ya ganin wanda yake harbi. Wani ne can gaba, ko jirgi marar matuƙi, yake gaya masa inda zai saita.

Me ake nufi da 105 da 122 da 152 da 155 da muke ji?

Faɗin ramin bakin bindigar ke nan da milimita, kuma shi ne kaurin harsashin. Duniya ta kasu gida biyu a nan. Amurka da Faransa da sauran ƙasashen ƙungiyar tsaro ta NATO suna amfani da 105 da 155. Tsohuwar Tarayyar Sobiyet da waɗanda suka sayi makamai a wurinta suna da 122 da 152. Milimita uku kacal ke tsakanin 152 da 155, amma na wannan ba ya aiki a bindigar wancan.

Na 105 yana da nauyin kilo 15 ko kusa da haka. Na 122, wanda bindigar D-30 ke harbawa har nisan kilomita 15, kilo 22 ne saura kaɗan. Na 155 samfurin M107 na Amurka kilo 43 ne, sabon da ya gaje shi, M795, ya kusa kilo 47, wato dab da buhun siminti. A yankinmu iri biyun duka suna nan, domin an sayo daga gabas an sayo daga yamma, sannan sojojin Libiya sun bar tarin na Sobiyet a arewacin Chadi.

Me aka zuba a ciki?

Mafi shahara shi ne TNT. Wani Bajamushe masanin sinadarai, Julius Wilbrand, ya fara haɗa shi a 1863, kuma an daɗe ana ɗaukarsa rini ne mai ruwan ɗorawa kafin sojojin Jamus su fara cika harsashi da shi a 1902. Abin da ya sa aka so shi, yana narkewa a zafin digiri 80, a zuba shi cikin ƙoƙon ya daskare, kuma ba ya tashi da ɗan bugu. Akwai kuma wani haɗin TNT da wata nakiya mai suna RDX da ya fi shi ƙarfi.

Mutane kan ɗauka cikin duk nakiya ne. A M107, nakiyar ba ta wuce kilo 7 ba a cikin kilo 43. Sauran duk ƙarfe ne, kuma da gangan aka yi haka, domin ƙarfen shi ne makamin, nakiyar aikinta ta watsa shi. M795 yana ɗauke da kusan kilo 11, an kuma yi jikinsa da wani irin ƙarfe da ke farfashewa ƙanana ƙanana.

TNT guba ne ko bai fashe ba. Matan da suka yi aikin cika harsashi a Ingila lokacin yaƙin duniya na farko fatarsu ta koma ɗorawa, wasu hanta ta lalace suka mutu. Idan an ga harsashin da ya tsage wani abu mai kama da busasshen sabulu ya fito, kada yaro ya taɓa, kada a bar dabba ta lasa.

Ta yaya abu mai nauyi haka yake tafiyar kilomita 20 ko 30?

Albarushin da ke tura shi daban yake da nakiyar da ke cikinsa. A bindigar 155, sai a fara cusa harsashin, sannan a saka albarushin a bayansa cikin jakunkuna ko ƙananan gwangwanaye, a rufe. Idan ana son nisa a ƙara albarushi, idan kusa ne a rage. Yana fita da gudun da kan wuce mita 800 a sakan ɗaya idan an cika masa.

Cikin bakin bindigar akwai zane a murɗe. A ƙugun harsashin kuma akwai ɗamarar jan ƙarfe. Da an harba, zanen sai ya ciji ɗamarar, ya toshe iskar da ke baya kada ta tsere, ya kuma sa harsashin juyawa fiye da sau 200 a sakan. Juyin nan ne ke hana shi wuntsilawa a sama. A riƙe maganar ɗamarar nan, za mu dawo kanta.

Tsawon baki ma yana ƙara nisa. M795 daga bindiga mai matsakaicin baki yana kai kilomita 22 da rabi. Bindigar CAESAR ta Faransa, wadda aka ɗora a kan babbar mota kuma aka yi aiki da ita a Mali, bakinta ya kai mita 8, tana kai kusan kilomita 40 da harsashi na musamman. Irin wannan harsashin yana da ɗan abin da ke ci da wuta a gindinsa, yana cike gurbin iskar da ke jan shi baya. Wani kuma ƙaramar roka aka sa masa. A irin wannan nisa harsashin kan yi fiye da minti ɗaya a sama kafin ya sauka.

To me ya sa ba ya fashewa a hannun soja, ko a motar da ke ta tsalle da shi a hanyar Faya?

Wannan ita ce tambayar da na fi so kowa ya fahimci amsarta, don duk sauran a kanta suke.

Nakiyar da ke ciki ba ta tashi da kanta. Sai an tashe ta da wani ɗan abu mai saurin fushi da ke cikin makunnin. A rumbu da kan hanya, harsashin 155 ba ya ɗauke da makunni ma, wani toshi mai zobe ake ɗaura masa a hanci don a riƙa ɗaga shi. Sai an zo bakin bindiga ake cire toshin a ɗaura makunnin. Shi kansa makunnin a kulle yake daga ciki: masu ƙira sun raba ɗan abin nan mai saurin fushi da babbar nakiyar, sun sa ƙananan sakatu a tsakani. Sakatun ba sa buɗewa sai abu biyu sun faru. Na farko, bugun harbi, wanda ya ninka nauyin harsashin fiye da sau 10,000 a ƙiftawar ido. Na biyu, juyin nan da zanen bindiga ke sa shi. Faɗuwa daga mota ba ta kai na farko ba, gangarawa a ƙasa ba ta kai na biyu ba. Sai ya bar bakin bindiga ya yi ɗan nisa sannan hanya ta buɗe tsakanin hanci da ciki.

Saboda haka soja yana rungumar harsashin da ke kulle ne. Wanda kai ka tsinta a daji, in harbo shi aka yi, an riga an zare masa sakata.

Wanda ya faɗo bai fashe ba, ai ya mutu ke nan ko?

A'a, ɗan'uwa, bai mutu ba. Shi ne mafi haɗari a cikinsu duka.

Dalilan ƙin fashewa suna da yawa. Ya sauka a yashi mai laushi ko a taɓon bakin tafki, bugun bai isa ba. Ya sauka a kwance maimakon da hanci. Makunnin ya tsufa, ko wani ɗan ƙarfe a ciki ya maƙale a rabin hanya. A duk waɗannan, aikin ya fara ne bai ƙarasa ba, kuma babu mai iya gane ta waje abin da ya rage. Yana iya zama jijjiga ɗaya. Wani an ɗaga shi sau uku lafiya, a na huɗu ya tashi, shi ya sa maganar “ai wane ya taɓa ɗauka ba abin da ya same shi” ba hujja ba ce.

Tsufa kuma ba ya kashe shi. Tsatsa tana cin ƙarfen waje, nakiyar ciki tana nan da ƙarfinta, makunnin kuma yana ƙara zama abin da ba a yarda da shi ba. A Faransa da Beljiyam, fiye da shekara 100 bayan yaƙin 1914 zuwa 1918, manoma suna tono harsasai da garma kowace shekara, sojoji na bi suna kwashewa, kuma har yanzu akan sami wanda ya tashi. Na Wadi Dum da Fada, a arewacin Chadi, tun yaƙin 1987 da Libiya suke, ba su ko kai rabin shekarun waɗancan ba.

Alamar wanda aka harba tana jikin ɗamarar jan ƙarfen: idan ka hango ta da tsage-tsage a jere, a karkace, to ta bi ta cikin bindiga. Amma wanda ɗamararsa take sumul ma ba abin taɓawa ba ne, musamman wanda gobarar rumbu ta gasa ta wurgo. Wuta ta riga ta canza abin da ke cikinsa.

Ɓarnarsa tana kai ina?

Harsashin 155 yana farfashewa zuwa gutsure kusan 2,000. Abin da aka saba faɗa shi ne, cikin mita 50 kisa ne, har mita 100 da ɗoriya rauni mai tsanani, kuma ɗaiɗaikun manyan gutsattsari suna tashi ɗaruruwan mitoci. Bayan ƙarfe akwai bugun iska, mai fasa dodon kunne da illata huhu ko da babu jini a waje.

Ya danganta kuma da irin makunnin. Akwai mai tashi da ya taɓa ƙasa. Akwai mai ɗan jinkiri, ya huda rufi ko rami sannan ya tashi a ciki. Akwai mai ƙaramar na'urar rediyo da ke auna kusantar ƙasa ya fashe a sama, 'yan mitoci kafin ya sauka, ƙarfen ya zubo daga bisa. Amurkawa suka fara amfani da wannan a yaƙin ƙasa a Turai a Disamba 1944. Rufin kwano ba ya tare komai a cikin ukun.

Yana sauka daidai inda aka nufa kuwa?

Na yau da kullum, ba ya yi. Iska a sama, zafin albarushi, zaizayar bakin bindiga, ɗan bambancin nauyi tsakanin harsashi da ɗan'uwansa, duk suna karkatar da shi. A kilomita 30, kuskuren mita 200 ko fiye ba abin mamaki ba ne, ko da masu harbin ƙwararru ne kuma niyyarsu tsarkakakkiya ce. An ƙera shi ne don a rufe fili da wuta, bindigogi shida su zuba a wuri ɗaya. Duk wanda ya san unguwanninmu ya san gida nawa ke cikin mita 200, da masallaci, da famfon da mata ke layi. Shi ya sa idan na ji an ce an harba igwa cikin gari don a sami wani gida guda, ba na karɓar maganar. 'Yan gudun hijirar da suka tsallako Adre da Tine daga Aljinena da Alfashir tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilu 2023 shaidu ne a kan abin da luguden igwa ke yi wa kasuwa da asibiti da sansani.

Akwai masu jagora. Excalibur na Amurka yana bin tauraron ɗan'adam, yana sauka cikin 'yan mitoci daga inda aka ce masa. Krasnopol na Rasha hasken leza yake bi. Akwai kuma wani makunni mai ƙananan fukafukai da ake ɗaura wa harsashi na yau da kullum ya rage kuskurensa zuwa ƙasa da mita 50. Amma suna da tsada ƙwarai, kuma a Yukren an ga yadda na'urorin dagula sigina suka rage wa masu bin tauraro kaifi. Mafi yawan abin da ake harbawa a duniya har yau marar jagora ne.

Ban da jagora, me ya sa ake ce wa wasu “na zamani”?

Abu mafi amfani da aka ƙara shi ne nakiyar da ba ta saurin tashi idan gobara ta kama ko harsashin bindiga ya same ta. Manyan sojoji sun koyi wannan da jininsu: a 1967 gobara a jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Forrestal ta tashi bama-baman da ke kansa, mutum 134 suka mutu. Yanzu Amurka tana cika wasu M795 da wani haɗi mai suna IMX-101 a maimakon TNT, wanda a cikin wuta ya fi karkata ga ƙonewa a kan fashewa. Irin wannan bai yawaita a rumbunan yankinmu ba. Abin da ya fi yawa tsohon kaya ne.

Nawa ne kuɗin guda ɗaya?

A Oktoba 2023, Admiral Rob Bauer, shugaban kwamitin soja na NATO a lokacin, ya ce harsashin 155 da ake saya Yuro 2,000 kafin yaƙin Yukren ya koma Yuro 8,000. Da kuɗinmu, daga sefa miliyan 1 da dubu 300 zuwa sama da miliyan 5 ke nan, a harbi ɗaya. Kafin 2022 Amurka tana ƙera kusan 14,000 a wata, abin da fagen Yukren ke cinyewa a 'yan kwanaki. Tarayyar Turai ta yi wa Yukren alkawarin miliyan ɗaya a Maris 2023, ba ta cika shi cikin shekarar da ta ɗiba ba. Kamfanin Rheinmetall na Jamus ya buɗe sabuwar masana'anta a 2025 saboda wannan ƙishirwar. Ƙasashe irin namu saya suke yi, kuma mai saye da ƙaramin aljihu yakan ajiye abin da ya saya har ya wuce lokacinsa.

Me ke sa rumbun makamai ya tashi haka kawai? Zafin ranarmu yana da hannu?

Yana da hannu sosai. Wanda aka fi tsoro a rumbu shi ne albarushin turawa. Shi a hankali yake ruɓewa tun ranar da aka yi shi, don haka ake haɗa masa wani sinadari mai shanye ruɓewar. Zafi yana gaggauta cinye wannan sinadarin, kuma idan ya ƙare albarushin yana iya ɗumama kansa har ya kama wuta ba tare da kowa ya ƙyasta ashana ba. Kwantena ta ƙarfe a rana a watan Afrilu, a garin da inuwa ma takan wuce digiri 40, wuri ne da shekarun kaya ke gudu. Sai a ƙara da wayar lantarki da ta lalace, da ƙona ciyawa kusa da katanga, da tara makunni da harsashi da albarushi a ɗaki ɗaya.

A Guji gwamnati ta sanar da mutuwar mutum 9 da raunata 46. Ba mu kaɗai ba ne. A Ikeja ta Legas, 27 ga Janairu 2002, fiye da mutum 1,000 suka mutu. A Mpila ta Barazabil, 4 ga Maris 2012, kusan 300. A Bata ta Ikwatoriyal Gini, 7 ga Maris 2021, fiye da 100. Cibiyar Small Arms Survey ta Janeba ta ƙirga irin wannan fiye da 600 a duniya tun daga 1979. Kusan labarin ɗaya ne: an gina bariki a bayan gari, gari ya girma ya zagaye shi, rumbu bai motsa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ƙa'idojin ajiyar harsasai tun 2011, sun faɗi tazarar da ta kamata tsakanin rumbu da gidaje. Ra'ayina a nan a fili yake: rumbun manyan harsasai ba shi da wurin zama a tsakiyar unguwa, kuma haƙƙin masu unguwa ne da limamai da 'yan majalisa su yi ta faɗa har a kwashe.

Wani abu game da Ikeja da ya kamata mu da muke zaune bakin kogunan Shari da Logon mu sani: yawancin waɗanda suka mutu ba ƙarfe ne ya kashe su ba. Gudu suka yi cikin duhu suka afka wani magudanar ruwa da ciyayi suka rufe, suka nutse, da yawansu yara.

A ina aka fi cin karo da su a Chadi da arewacin Kamaru?

Borku da Ennedi da Tibesti su ne kan gaba. Libiya ta shiga zirin Auzu a 1973, aka yi ta yaƙi har 1987, shekarar da sojojin Chadi suka ƙwace Fada a Janairu, Wadi Dum da Faya a Maris. Kotun duniya ta ba Chadi Auzu a 1994, sojojin Libiya suka fita, abin da suka binne da wanda suka zubar ya zauna. Yashi yana rufe shi bana ya buɗe shi baɗi. Hukumar cire nakiyoyi ta ƙasa, HCND, tare da ƙungiyoyi irin su MAG da Humanity & Inclusion, sun yi shekaru suna aiki a can, aikin bai ƙare ba. Inda suka jera duwatsu masu jan fenti, ɓangaren haɗari ke nan, fararen su ne ɓangaren da aka share.

Masu zuwa Kuri Bugudi da sauran wuraren zinariya, ku ji wannan da kyau. Na'urar da kuke yawo da ita tana kuka a kan harsashi kamar yadda take kuka a kan kowane ƙarfe. Idan diga ta fara bayyana abu mai santsin gefe, zagayayye, a tsaya nan.

Sai gabas, kan iyakar Sudan. Sai Njamena kanta, da aka yi yaƙi a cikinta a Afrilu 2006 da Fabrairu 2008. Sai yankin tafkin Chadi da kan iyakar Najeriya: Fotokol, Amcide, Kolofata, Gambaru da sojojin Chadi suka shiga a Fabrairu 2015. A can akwai ƙarin masifa, domin 'yan Boko Haram suna binne harsasan da suka ƙwata a kan hanya. Harsashin da aka gani da waya a jikinsa, ko an lulluɓe shi da buhu, tarko ne.

Mu 'yan gwangwan ne. Jan ƙarfen jikinsa yana da kuɗi. Ba yadda za a yi a cire?

Babu. Na san kilo na jan ƙarfe ya fi na baƙin ƙarfe daraja nesa ba kusa ba, na kuma san da wannan sana'ar ake ciyar da gida. Amma cire ɗamarar nan sai da guduma da kurfi, ko zarto, ko wuta, kuma waɗannan ukun su ne ainihin abin da harsashin yake jira. Mai buga shi ba shi kaɗai yake tafiya ba: yaron da ke riƙe masa, mai shayin gefe, maƙerin da ke maƙwabtaka. Haka wanda ya sa shi a buhu cikin tarkace ya sayar, ya aika wa wani mutuwa har tukunyar narka ƙarfe.

Masu sikeli, ku ne za ku iya tsayar da wannan. Ranar da yara suka san ba a saye, za su daina ɗaukowa. A zazzage buhu a ƙasa a duba kafin a ɗora a sikeli. Kuma kada a yi maƙera da shi, ko murhu, ko turken dabba, ko abin danne rufi, ko ƙararrawar makaranta, duk an taɓa ganin irin haka a ƙasashen da aka yi yaƙi.

Wasu kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne kowa da ajalinsa, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Yaya zan bambanta shi da morta ko roka?

Na morta gajere ne, mai ƙiba a tsakiya, da fukafukai a wutsiya. Rokar Grad doguwa ce siririya, ta kusa mita 3. Na igwa ba shi da fukafukai, sai ɗamara. Akwai kuma masu kama da shi da ke ɗauke da farin fosfaras mai kamawa da wuta da ya sha iska, da masu ɗauke da ƙananan bama-bamai da yawa a ciki, irin wanda ke zubar da 88 a harbi ɗaya. Fenti yana bambanta su suna sababbi, amma rana da tsatsa sun goge shi. Sanin sunansa aikin masu cirewa ne. Kai dai hukuncinsu ɗaya ne a wurinka.

Doka ta hana amfani da shi?

Ba ta hana harsashin igwa mai nakiya ba. Abin da dokar yaƙi ta hana shi ne harin da ba ya bambanta soja da farar hula. A Dublin, ranar 18 ga Nuwamba 2022, ƙasashe 83 suka amince da wata sanarwa ta taƙaita amfani da makamai masu fashewa a wuraren da jama'a ke zaune, sai dai alkawari ne na siyasa, babu kotu a bayansa. Masu zubar da ƙananan bama-bamai su an haramta su a yarjejeniyar 2008, kuma Chadi da Kamaru duk suna cikinta.

Idan ana harbi, ko rumbu ya kama, me za mu yi?

A kwanta rub da ciki nan take, a rufe kai da hannu. Gutsattsarin ƙarfe a tsaye suke samun mutum. Kwata, rami, gindin katanga mai kauri, duk sun fi fili. A cikin gida, a koma ɗakin da ya fi yawan bango tsakaninsa da waje, nesa da taga da gilashi. Kada a hau rufi kallo, kada a fito ɗaukar bidiyo. Idan gobarar rumbu ce kuma kuna kusa, a bar wurin idan an sami sarari, a bi hanyar da aka sani, a riƙe hannun yara, kada a nufi kogi cikin duhu.

Wanda ya ji rauni, a danne wurin jinin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a zare ƙarfen da ya shige jiki, a kai shi asibiti. Wanda ya tsaya kusa da fashewar ko babu rauni a gani, in yana tari ko numfashi na yi masa wuya, shi ma a kai shi.

Na gan shi a gona. Ko kuma, yaro ya riga ya kawo shi gida. Yanzu fa?

Idan a gona ne ko a daji, ka tsaya inda kake, ka duba ƙasa kewaye da kai, don inda akwai ɗaya akan sami na biyu. Ka koma ta sawun da ka zo. Daga nesa ka sa alama da za a gane, ƙaya ko tsumma a kan sanda, ba a jikinsa ba. Kada a jefe shi da dutse, kada a tara masa kara a cinna wuta, kada a binne, kada a jefa a rijiya ko kogi. Ka gaya wa bulama ko lawan ko mai unguwa, a sanar da jandarma ko sojoji mafi kusa, a kuma gaya wa makiyaya da malamin makarantar allo. Bana a bar wannan gefen gonar, kada a ƙone shi lokacin sharar gona.

Idan ya riga ya shigo gida, kada a ce za a mayar da shi inda aka ɗauko, kuma kada a ɗora shi a babur a kai wa jandarma. A bar shi daidai inda yake. A kashe murhu idan yana kusa, a fitar da kowa, a gaya wa maƙwabta na kowane gefe su ma su fita, mutum ɗaya ya tsaya daga nesa yana hana shiga, wani ya je ya kira hukuma. Yaron kuma kada a doke shi. A tambaye shi a hankali inda ya samo shi da su wa suka je tare, domin mai yiwuwa akwai wani a gidan abokinsa.